Teburin Mama Rifkatu

Kafanchan, ranar Juma'a da hantsi.

Zuwa ga 'yata Kasham,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu, wanda ya riƙe ki tun kina goye har ga shi yau kina ɗaure kaya za ki bar mana gida. Ina roƙonsa ya tsare ki a hanya, ya tsare mota da direbanta, ya sauke ki a hannun mutanen kirki. Mamanki tana tsakar gida tana ɗura miki acca da citta a buhu, sai ka ce za ki ƙasar da ba a noma. Takardar nan a jakar kwamfutarki zan cusa ta, don na san nan ne kaɗai hannunki ba zai kwana bai shiga ba.

Da Hausa na rubuta. Yarenmu bakina ya iya shi, hannuna bai iya ba. Turanci kuwa da na kama shi sai in koma ticha mai faɗa a gaban aji. Hausa da ita muke addu'a, kuma abin da zan gaya miki ya fi kusa da furta laifi.

Ranar Lahadi bayan sujada muna shan pate, na tambaye ki yadda za ki yi da kwamfutocin ofishin ajiye takardun marasa lafiya na asibitin da ya ɗauke ki aiki, tun da sun ce ki mayar da su kan Linux. Kika ce, "Baba, ai ba wani abu ba ne. Zan share komai in sa musu GNOME, cikin sati ɗaya za su saba." Mamanki ta ga na ajiye cokali. Ke ba ki gani ba, kina ta zuba bayani. Maganar nan tawa ce, Kasham. Na taɓa yin ta kusan kalma da kalma, kuma ta raba wata baiwar Allah da aikinta. Kin san Mama Rifkatu, taifis ɗin da ke buga takardu a ofishin ikkilisiyarmu, wadda take ajiye miki gyaɗa a aljihun tebur kina ƙarama. Kin daɗe kina jin cewa tsufa ne ya sa ta ajiye aiki ta koma Manchok. Ba tsufa ba ne, ni ne. Shekara shida ban faɗa wa kowa ba, mamanki ma sai cikin satin nan ta ji. A ofishin da za ki akwai wani ko wata irinta, kuma aikinsa yana hannunki tun ba ki san sunansa ba.

Na san kin fi ni sanin harkar nan. Ke da digiri kika fito, ni kuwa tichan lissafi ne aka tura ni ɗakin kwamfuta don kowa ya ƙi. Amma mamanki ta ce sai na karanta mata kafin in rufe, don haka ki yi haƙuri in yi bayani a buɗe. Linux shi ne ginin gida. Abin da mutum yake gani idan ya kunna, wato inda menu yake, inda agogo yake, yadda taga take buɗewa da inda fayil yake zama, wannan shirin ɗaki ne, ana iya sauya shi ba a taɓa ginin ba. Mu a nan tebur muke ce masa. Teburan nan iri-iri ne, GNOME ɗinki ɗaya ne daga cikinsu, duk kyauta, kowane da halinsa, kuma wannan yawan zaɓin shi ya fara ruɗa ni.

Kuskurena na fari a Kwoi na yi shi, lokacin ina koyarwa a can. An ba makarantarmu tsofaffin kwamfutoci, sun riga sun sha aiki a wani wuri, kullum ƙwayar cuta tana shiga ta filashin ɗalibai. Na koyi sa Linux, cutar ta ɗauke, kaina ya kumbura. Sai na ga hoton teburin Plasma na wancan zamani, taga tana lilo idan ka ja ta, komai yana ƙyalli, na ce ai wannan ne ya dace da mu. Na sa shi a dukansu, na kunna duk wani kwalliyar da ke ciki. Kai! Sai ki danna abu ki naɗe hannu kina jira. Shugaban makaranta yana ba mu janareta na minti arba'in ne kawai, rabin lokacin yana ƙarewa yara suna kallon maus yana juyi. Na yi zango guda ina zagin kwamfutocin, alhali su ba su da laifi, ni ne na ɗora wa jakin gida kayan tirela. Da na sauke wancan na sa Xfce, wanda ba shi da ado kuma ba ya cin ƙwaƙwalwar na'ura, sai ga su suna gudu kamar an yi musu allura. Biyu da suka fi tsufa sai da na nemo musu wanda ya fi shi sauƙi ma.

Don haka kafin ki zaɓi tebur, ki buɗe kowace na'ura ki ga ƙarfinta, kada ki auna su da taki ta cinya. Na ji an ce Plasma na yanzu ya rage nauyi sosai, kuma na yarda. Duk da haka ki gwada da idonki, a kan wadda ta fi kowace lalacewa a ofishin, ba wadda ke gaban shugaba ba.

Plasma bai fita raina ba, na bar shi a kan kwamfuta ɗaya mai ƙarfi ta ɗakin malamai. Gaskiya tebur ne mai kyau. Menu yana ƙasa ta hagu inda yawancin mutane suka saba nemansa, kuma babu abin da ba za ki iya sauyawa ba, tun daga launi har girman agogo. Nan na yi kuskure na biyu, na bar komai a buɗe, ban kulle ba, ban koya wa kowa ba. Na tafi bikin ƙanwar mamanki a Zonkwa na kwana huɗu. Wani malami ya je gyara agogo ya kawar da layin ƙasa gaba ɗaya, menu ya tafi da shi. Ana tsakiyar buga tambayoyin jarrabawa, sai da aka koma rubutawa a allo. Da na dawo cikin minti biyu na mayar da shi, har ina yi musu dariya, "Haba, wannan ɗan abin?" Shugabar makaranta ta lokacin ta dube ni ta ce, "Malam Yohanna, abin da kai kaɗai ka iya ba namu ba ne, naka ne. Ka ɗauke shi ka kai gida." Ban sake dariya ba.

Ki riƙa tambayar kanki wa zai gyara ran da ba ki nan. Za ki yi zazzaɓi, za ki zo gida Kirsimeti, wata rana za ki yi aure ko a yi miki canjin wuri. Abin da kika san hannu zai iya ɓata shi, ki kulle. Abin da ba ya kulluwa, ki koya wa mutum biyu, ki rubuta a takarda ki manna a bango.

Da wannan darasi ya shige ni yadda ya kamata, da ba ni da sauran abin rubutawa.

Bayan an dawo da ni Kafanchan na sayi kwamfuta mai ɗan ƙarfi, na haɗu da GNOME, na kamu da sonsa kamar yadda kika kamu. Ba na ganin laifinki ko kaɗan. Fuskarsa fes, ba tarkace, ki danna maɓalli ɗaya ki rubuta haruffa uku abin da kike nema ya fito. Wuraren da mutum zai yi ɓarna kaɗan ne, don haka na ce ga maganin abin da ya same ni a Kwoi. Na zama mai wa'azinsa, duk wanda ya zauna kusa da ni a benci sai ya ji.

A lokacin fasto ya ba ni makullin ofishin ikkilisiya ya ce in riƙa duba musu kwamfuta. Ni na sa mata Xfce tun farko, Mama Rifkatu ce mai aiki da ita. Matar nan ta fara da tafireta tun kafin in gama firamare. Duk tsarin sujadar aure, na jana'iza, na godiya, wasiƙun dattawa, waƙoƙin zumuntar mata, daga yatsunta suke fita. Ba ta duban kibod idan tana bugu, tana hira da kai hannu yana tafiya.

Abu ɗaya ne yake tayar mini da hankali, teburinta. Duk fayil ɗin da ta taɓa bugawa a fuskar kwamfuta take ajiye shi, sun fi ɗari, sun rufe allon ba masaka tsinke. Sunayen kuma abin takaici: "sabo", "sabo2", "sabo sabo", "na fasto", "aaa", "kkk". Na sha ce mata, "Mama, bari in shirya miki su a folda." Sai ta ɗora tafin hannu a kan allo ta ce, "Ticha, kar ka taɓa mini tebur." Ni kuwa na ɗauka rigimar tsofaffi ce. Ban taɓa zama na kalli yadda take aiki ba, ko na minti goma. Da na zauna da na ga ba ta karanta sunayen nan sam. Idonta ya riga ya yi rauni, ƙananan haruffa ba ta ganinsu, kuma ta ɓoye wa kowa don kada a sallame ta. Da wuri ta san kowane fayil. Na jana'iza suna sama ta hagu, na aure suna sama ta dama, wasiƙu a tsakiya, na mata a ƙasa. Hannunta ya san hanya kamar yadda mamanki take ɗauko gishiri a kicin ba ta duba ba.

Wata Asabar da rana na buɗe ofis da makullina. Na kwashe fayil ɗinta duka a filashi, ko ɗaya ban bari ba, ina ta yaba wa kaina a kan hankali. Na share na'urar tas, na sa sabon Linux da GNOME, na mayar da fayilolin cikin foldarsu. Kin san shi ba ya nuna fayil a fuskar allo sai an ƙara masa wani abu, haka masu shi suka tsara, kuma ni abin da nake so ke nan. Na tsaya ina kallon allon nan wayam, na ce a raina cikin sati ɗaya za ta saba, har ta gode mini. Ban bar mata ko 'yar takarda ba. Na yi niyyar in zo Litinin da safe in nuna mata, sai aka sa mana taron malamai.

Sai wajen ƙarfe biyu na iso. Na tarar da fasto a tsaye a bakin ƙofa, Mama tana zaune a kujerarta ta haɗa hannu a cinya, idonta ya yi ja. Fasto ya ce, "Yawwa, ga Malam Yohanna. Mama ta ce ranar Juma'a ruwa ya taso, ta yi sauri ta kashe daga soket ba ta bi hanya ba. Yau ta kunna komai ya goge, fuskar ma ta canza. Ko akwai abin da za a iya yi?"

Mama ta ce, "Ticha, ka sha gaya mini kar in kashe daga bango. Ban ji ba. Aikin shekara da shekaru na share da hannuna."

Kasham, a nan ne. Kalma biyu ce ta rage in faɗa, ni ne. Bakina ya buɗe, na dubi fasto, na tuna ban nemi izinin kowa ba, na tuna watan gobe za a zaɓi dattawa kuma sunana yana ciki. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Bari in duba." Na zauna, na yi 'yan danne-danne na ƙarya, na ɓata lokaci da gangan don abin ya yi kama da aiki, sannan na buɗe foldar na ce, "Ga su nan, na samo su." Fasto ya ɗaga hannu sama yana yabon Ubangiji. Mama ta kama hannuna da hannu biyu tana sa mini albarka. Ranar Lahadi aka ambaci sunana a sanarwa, aka tafa. Ina zaune a benci na uku ina murmushi.

Na yi ƙoƙarin gyarawa a ɓoye. Washegarin wannan Litinin na mayar mata da Xfce, fayiloli suka dawo fuskar allo. Amma da na share na'urar, na share har da ajiyar inda kowane yake zama, suka jeru bi da bi bisa haruffan sunansu. A idona komai ya dawo, har ya fi da kyau. A wurinta kuwa an shiga ɗakinta an zubar da kaya a tsakar gida. Ta yi ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya, tana kai fuska dab da allo, tana ja tana mayarwa inda take zato. Na gan ta tana haka har sau biyu, na ce, "Mama, lafiya?" Ta ce, "Lafiya lau, Ticha." Na karɓi amsar da sauri don ita nake so in ji.

Sati uku bayan haka aka yi auren 'yar wani dattijo. Tsarin sujadarmu na aure da na jana'iza kusan zubi ɗaya ne, takarda ce a naɗe biyu. Mama ta buɗe wanda ta ajiye a sama ta dama, ta sauya shafin gaba da na ciki yadda ta saba, shafin baya kuwa ba ta taɓa buƙatar duba shi ba. Aka buga, aka raba a ƙofar majami'a. Ana cikin waƙar shigowar amarya na ji ƙus-ƙus yana tashi daga baya. Na juya takardar. A ƙasa an rubuta: "Iyalan marigayi suna godiya ga dukan waɗanda suka zo taya su makoki." Samari suna toshe baki. Uwar amarya ta fashe da kuka, ta ce an yi wa 'yarta mugun baki a ranar aurenta. Masu tsaron ƙofa suka bi benci-benci suna karɓe takardun.

Ba wanda ya kore ta. Litinin ta kawo makullinta ta ajiye a gaban fasto ta ce, "Baba, kaina ya tsufa. Wancan wata na share kwamfuta, wannan wata na kashe amarya. Kar in jira na uku." Ina wurin. Na ce, "Haba Mama, ki daure mana," da irin muryar da ake yi idan ba a so a daure ɗin. Kafin wata ya ƙare ta kwashe kayanta ta koma Manchok wurin danginta. Ni kuma aka zaɓe ni dattijo.

Wani abin da yake ƙara cina shi ne, daga baya na gano GNOME ɗin da na sa yana da wurin ƙara girman rubutu da danna ɗaya, yana da madubin da ke kumbura duk inda maus ya je. Xfce ma ana iya ƙara masa girman haruffa. Maganin idonta yana cikin na'urar tun farko, a kowane tebur. Ni na san tebura huɗu ko biyar, amma ban san matar da ke zaune a gaban ɗaya ba.

To ga abin da nake roƙonki. Satin farko kada ki sa komai, kada ki cire komai. Ki ja kujera ki zauna kusa da kowane ma'aikaci ki kalli hannunsa. Ina yake fara kai maus idan ya kunna? Yana karantawa ne ko wuri ya haddace? Yana matso da fuska? Wanda ya fi kowa shiru da "ba damuwa" shi za ki fi zama kusa da shi, don mai ƙorafi zai kare kansa. Idan kin ga abin da ya yi miki kama da hauka, ki tambaya a hankali, ku biyu kawai, ba a gaban shugaba ba.

Bayan haka ki sa tebur biyu ko uku a filashi, ki kunna musu daga can ba tare da kin taɓa abin da ke cikin na'ura ba, kowa ya taɓa da hannunsa. Waɗanda suka saba da menu a ƙasa ta hagu, ki nuna musu Cinnamon ko Plasma, za su ji kamar ba su bar gida ba. Tsofaffin na'urori ki ba su Xfce. Matasa masu son nema da rubutu, ga GNOME ɗinki nan, za su so shi. Ba dole ne ofis duka ya sa riga iri ɗaya ba, ko da yake kada ki tara iri biyar ki rasa yadda za ki kula da su, biyu sun isa. Kin kuma san ana iya sa sabo a bar tsohon, mutum ya zaɓa wajen shiga. Ni ma na sani a ranar Asabar ɗin nan, ɗoki ne ya hana ni. Kafin ki sauya wa kowa, ki ɗauki hoton allonsa da wayarki yadda yake, ki gaya masa rana, kuma ranar ki riga shi zuwa ofis. Can asibiti ne. Idan hannun wani ya ɗauko fayil ɗin da ba shi ba, abin ba zai tsaya a kukan uwar amarya ba.

Kuma za ki yi kuskure, duk wayonki. Ran da kika yi, ki faɗa a take, tun wani bai ɗauka ya ɗora a kansa ba. Kunyar minti ɗaya ce. Ni na guje mata, na ɗauki wadda ta fi ta.

Bayan maganarki ta Lahadi na kasa sukuni. Laraba na gaya wa mamanki komai. Ba ta yi faɗa ba, ta dai dube ni ta ce, "To me kake jira? Matar ba ta mutu ba." Jiya Alhamis na shiga bas zuwa Manchok.

Na same ta a gindin mangwaro tana ɓare gyaɗa. Ta gane muryata kafin in zauna. "Ticha! Yau wace rana? Ina Kasham, ta yi aure?" Na ce aiki kika samu, na kwamfuta. Ta ce, "Madalla. Ka ce mata kar ta kashe daga bango." Ta yi dariya. Na sauka daga kujera na durƙusa, da furfurata da komai. Ta ce, "A'a, Dattijo, mene ne haka?" Na gaya mata duka, tun daga Asabar har danne-dannen ƙarya.

Ta ajiye kwanon gyaɗar a gefe. Can ta ce, "Ashe ba ni ba ce."

Na ce, "Ba ke ba ce, Mama."

"Soket ɗin bai yi komai ba?"

"Bai yi komai ba."

Ta ce, "Ticha, da ka tambaye ni, da na zana maka teburin a takarda. Har yau yana kaina." Ba ta ɗaga murya ba, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na roƙi gafara. Ta ce ta yafe, amma in ba ta lokaci zuciyarta ta iso inda bakinta ya kai, kuma ranar Lahadi in tashi a gaban jama'ar da suka tafa mini in faɗa musu. Na ce zan yi. Jibi ke nan, kina hanya. Ban san ko zan wayi gari Litinin ina dattijo ba, kuma na bar wannan a hannun Ubangiji.

Har na miƙe zan tafi ta ce in dakata. Ta shiga ɗaki ta fito da wani abu a ƙulle cikin ɗankwali. Waya ce, ɗanta da ke Kaduna ya saya mata tuntuni. Ta ce tun da ta bar ofis ba ta sake danna wani abu mai allo ba, tana tsoron kada ta share wa mutane kaya. Idan tana son jin muryar ɗanta sai ta jira maƙwabciya ta dawo daga gona. Matar da ta yi shekara arba'in tana bugu ba ta duba yatsunta ba, Kasham. Na ƙara mata girman rubutu har ƙarshe, na nemo sunan ɗan, na riƙe mata wayar. Ta ɗago yatsa, ta tsaya.

"Idan na danna nan ba zai goge ba?"

Na ce, "Ba zai goge ba, Mama."

Ta danna. Da ya ɗauka ta ce, "Bitrus, ni ce. Ni na kira da kaina." Ban iya tsayawa jin sauran ba, na fita bakin hanya na tsaya ina share fuska har bas ta zo.

Ubangiji ya kai ki lafiya, 'yata. Ya tsare fitarki da shigarki, ya raba ki da mugun direba da mugun abokin aiki, ya ba ki ido mai ganin mutum kafin na'ura. Idan kin sauka ki kira mamanki, ba za ta ci abinci ba sai ta ji muryarki. Ran Lahadi wajen ƙarfe goma, duk inda mota ta kai da ke, ki sa ni a addu'a kada bakina ya sake mutuwa.

Ni ne babanki,
Yohanna